Tsallaken Ruwa Daga Hanyar Za'afarana

Kwaɗayi ne ya haɗa ni da Baba mai agashe, ba wani zumunci ba. Ina shekara ta uku a kulliyar Shari'a a Alƙahira, wani ɗan ɗakinmu ya dawo da nama ƙunshe a takarda. Ina buɗewa ƙamshin ƙuli-ƙuli da yaji ya daki hancina, na ce wannan ai tsire ne. Ya ce mutanen Sudan agashe suke ce masa, kuma mai yin sa Bahaushe ne, yana can Ardul Liwa. Daga Hada'iƙul Ma'adi inda muke haya zuwa can ba nan kusa ba ne. Sai ka hau metro, ka sauya jirgi a tsakiyar gari, ka shiga ƙaramar bas, sannan ka tsallaka layin dogo da ƙafa kana kauce wa tuk-tuk, 'yan kekunan nan masu ƙafa uku. Duk da haka da wuya Alhamis ta wuce ban je ba.

Dogon tsoho ne, siriri, jallabiyarsa fara ce amma hayaƙi ya riga ya rina ta. Yana gashinsa a bakin wani lungu, ƙarƙashin benen da suke haya a ɗakin ƙasa. Hausarsa irin ta kakanninmu ce, yana cakuɗa ta da Larabcin Sudan, alhali bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. A gonakin auduga na Jazira, can Sudan, aka haife shi. Mahaifinsa ya bar wani ƙauye na wajajen Katagum da ƙafa, shi da matarsa, da niyyar hajji. Suka yi shekaru suna tafe suna yada zango, suna ƙwadago suna ƙara gaba. Da suka iso Jazira ya tsaya ya yi noman auduga don ya haɗa guzurin tsallaka Bahar Maliya. Kowace shekara sai ya ce baɗi. A nan ya tsufa, a nan aka binne shi, ko bakin ruwan bai kai ba. Abin da ya bar wa ɗansa a wasiyya ɗaya ne, ya ƙarasa masa tafiyar.

Baba ma haka ta kasance masa. Noma, 'ya'ya, jinyar mata, sannan rikicin da ya kore su zuwa Masar, inda aka ba shi katin 'yan gudun hijira wanda ya halatta masa zama amma bai halatta masa zuwa ko'ina ba. In ka tambaye shi ko shi ɗan ina ne, sai ya yi dariya ya ce, “Mu 'yan kan hanya ne, Malam. Zango muka yi, bai ƙare ba tukuna.”

Malam yake kira na, ni da ban kai sa'an autansa ba, kuma ba zan ɓoye ba, sunan yana yi mini daɗi. A shekarun nan ni mutum ne da ba ya iya barin kuskure ya wuce ta gabansa. Liman ya gajarta madda, sai na tare shi bayan sallama. Ɗan ɗakinmu ya wanke hannu a alwala bai kai gwiwar hannu ba, sai na ce ya sake. Abokaina har suna suka sa mini, mai jan biro, ni kuwa na ɗauke shi yabo. Baba shi ne mutum na farko da yake tambayata hukunci ya karɓa bai yi gardama ba. Ya tambaye ni kan ƙabli da ba'adi, kan zakkar mai gashi, kan ko mutum zai iya yi wa mamaci hajji kafin ya yi nasa. In na ba shi amsa sai ya gyaɗa kai ya ƙara mini yanka biyu a takarda.

A ƙarshen 2013 na fara lura da hannunsa. Zai miƙa ya ɗauki wuƙa sai ya dafa gefenta. In ka tsaya a gefensa ka yi sallama, sai ya juyo da kansa gaba ɗaya yana neman ka. Rannan na ga ya kai yatsa kan wayar gashi mai zafi, ya janye.

'Yarsa ce ta gaya mini. Ta girme ni nesa, shi ya sa nake ce mata Yaya. Mijinta ya rasu tun a Sudan, tana aikin shara da wanke-wanke a gidajen masu hali na Ma'adi, ita ke riƙe da gidan. Ta same ni a bakin lungu ta ce likita ya ce mayya zarƙa ce, hawan jinin ido, kuma an zo a makare. Ganin yana rufewa ne daga gefe-gefe. Abin da ya rage masa ɗan tsakiya ne, kamar mai leƙe ta cikin kara, shi ma watanni ne.

“Ya daina maganar hajji,” in ji ta. “Yanzu cewa yake a kai shi ya ga Bahar Maliya kawai, ruwan da babansa ya nufa bai gani ba. Kafin ya rufe. Akwai maƙwabcinmu mai tasi, ya yarda zai kai mu ranar Asabar. Ka raka mu, Malam. Kai kana da iƙama, takardar zaman ƙasa, kuma in an tsayar da mu a hanya ka fi ni iya magana da su.”

Na ce babu komai. A raina ma murna na yi, don shekara uku ina Masar ban taɓa ganin teku ba, daga kulliya sai ɗaki.

Muka tashi da sassafe cikin sanyin farkon 2014. Direban Bamisire ne mai ƙiba, marar yawan magana, usɗa muke ce masa kamar yadda ake kiran kowane direba. Baba ya zauna a gaba, ya sha wankakkiyar jallabiya da rawani irin na Sudan, ya sa turare. Ni da Yaya muna baya, tsakaninmu kwando da agashen da ya tashi ya gasa tun asuba, ya ce a bakin ruwa za mu ci. Muna fita daga gari sai hamada, sai masana'antun siminti, sai hamada kuma. Baba yana ta juya kai dama da hagu, yana tambayar usɗa saura nawa. A wani shingen sojoji aka karɓi takardunmu. Sojan ya daɗe yana juya katin Baba, ya ce ina za mu. Na ce bakin teku. Ya leƙo ya kalli tsohon, ya kalli kwandon, ya miƙo mana ya ce mu wuce.

Da muka isa Ainus Sukhna sai muka tarar teku na nan amma an katange shi. Gidajen shaƙatawa ne jere, kowanne da katangarsa da mai gadinsa, ruwan sai dai ka hango ɗan shuɗinsa ta tsakanin gini da gini. Ni da nake da ido biyu ma da ƙyar nake kama shi, balle Baba. Ya yi ta cewa, “Ina? Ina yake?” Kafin ya juyo an wuce. Raina ya ɓaci. Usɗa ya ce, “Khalas, ku bar nan. Zan kai ku hanyar Za'afarana, can babu katanga.”

Muka miƙa kudu. Sannu a hankali gine-ginen suka ragu, dutse ya fara matso mu. Tsaunin da suke kira Galala ne, ja-ja ne mai duhu, babu ko ciyawa ɗaya a jikinsa, ya tashi tsaye a hannun dama har sai ka ɗaga kai kafin ka ga ƙarshensa. A hagu kuma teku, dab da kwalta. Hanyar ta matse a tsakaninsu tana lanƙwasa, ta hau ta gangara, manyan motoci suna fitowa daga kwana suna girgiza tasin. Wani wurin an fasa dutsen ne aka wuce, sai ka ga ka shiga inuwa, kana fitowa ruwa ya buɗe a gabanka. A wata hawa da hanya ta ɗan yi faɗi usɗa ya gangara gefe ya kashe mota.

Iska ce ta fara tarbar mu, mai sanyi da gishiri, har ta kusa kwance wa Baba rawani. Muka riƙe shi ni da Yaya, muka kai shi bakin gaɓa inda aka jera duwatsu. Ban taɓa ganin wuri mai kyau irin wannan ba, har yau kuwa. A ƙasanmu ruwan kore ne garau, kana ganin duwatsun da ke cikinsa. Can gaba ya koma shuɗi mai duhu, da manyan jiragen ruwa biyu suna tafiya a hankali kamar ba sa motsi. Ranar sararin ya wanke tas. A can tsallake, a ƙarshen ruwa, ga wasu tsaunuka jere, dishi-dishi amma a bayyane.

Baba ya daɗe yana neman ruwan. Ya sunkuyar da kai, ya bi da ɗan abin da ya rage masa na gani daga duwatsun ƙafarsa zuwa gaba, a hankali. Sai ya ce, “Ga shi. Wallahi ga shi nan.” Ya yi dariya irin ta yara, ya ce da Yaya, “Kin ga yawansa?” Ya ci gaba da ɗaga kai kaɗan-kaɗan, ya wuce jiragen, ya kai ƙarshen ruwan. A nan ya tsaya cak. Na ji hannunsa ya sandare a cikin nawa.

Ya zare hannun. Ya sunkuya ya cire takalmansa ya ajiye gefe, ya tsaya da ƙafa a kan tsakuwa mai sanyi. Leɓɓansa suka fara motsi. Da farko iska ta hana ni ji, sai da na matsa na ji Labbaika yake yi, ƙasa-ƙasa, hawaye suna bin gemunsa. Can ya ambaci mahaifinsa, ya ce, “Baba, ga ta can. Ga ta can, na gan ta.”

A nan na fahimci abin da ya ɗauka. A wurinsa, da wurin duk wanda ya tashi a gidansu, Bahar Maliya abu ɗaya take nufi, ruwan da in ka tsallaka shi ka taka ƙasar Hijaz. Tun yana yaro haka aka gaya masa. Ga ruwan, ga ƙasa a tsallakensa, to me ya rage? Ni kuwa na san taswira. Na san wannan ɗan reshe ne kawai na tekun, kuma tsaunukan can na Sina ne, cikin Masar ɗin dai da ta riƙe shi. Usɗa yana jingine da mota yana shan taba. Ba ya jin Hausa, amma ya ji Labbaika, ya dubi tsallaken, ya dube ni, sai ya juya baya ya shiga duba tayar motarsa.

Na yi shiru, kuma da an bar ni wataƙila da na ci gaba da shirun. Amma Baba ya juyo da kansa gaba ɗaya har ya same ni, fuskarsa jiƙe, ya ce, “Malam, kai ka yi karatu. Ita ce ko?”

Yaya tana bayansa. Ta dube ni, ta gyaɗa mini kai sau ɗaya, a hankali, idonta cike da roƙo. Na gani. Shekaru na yi ina gaya wa kaina ban gane nufinta ba, amma ƙarya ne, na gane sarai.

Abin da ya zo mini a lokacin shi ne ƙarya haramun ce, kuma mutumin nan a matsayin malami ya tambaye ni, amana ce. Wannan gaskiya ne. Amma akwai wani abu a ƙarƙashinsa wanda sai daga baya na yarda da shi. An yi mini tambayar da na san amsarta, ni kuwa ban taɓa iya riƙe amsa a baki ba.

Na ce, “Baba, ba ita ba ce. Sina ce waccan, har yanzu cikin Masar ne. Wannan reshen teku ne, bayan tsaunukan can ma akwai wani reshen kafin a kai ƙasar Saudiyya. Makka kuwa tana can kudu, da nisa ƙwarai.”

Da a nan na tsaya ma da sauƙi. Sai na ƙara da cewa talbiya ba a nan ake fara ta ba, sai an kai miƙati an ɗaura harami. Da na ga yadda fuskarsa ta yi, sai na shiga lallashi irin na ɗalibi, na ce ai Sina ma ƙasa ce mai albarka, a can Annabi Musa ya yi munajati. Ina magana ina jin muryata tana fita tsaf-tsaf kamar ina gaban mai jarrabawa.

Ya ce, “Har yanzu Masar?”

Na ce, “Eh, Baba.”

Sai ya ce, “To juya ni. Ka fuskantar da ni inda take.”

Na kama kafaɗunsa na juya shi wajen kudu maso gabas. Ta nan babu tsauni, babu gaɓa, ruwa ne ya miƙe har ya haɗe da sama, kuma rana tana daidai wurin, haskenta yana dukan ruwan yana dawowa. Ya buɗe idon iya ƙarfinsa. Ya kare da tafin hannu, ya sake gwadawa. Hawayen da ke zuba yanzu na zafin haske ne.

“Fari kawai nake gani,” in ji shi.

Ya laluba da ƙafa ya nemo takalmansa ya saka. Yaya ta ce ya zauna a ci abinci tukuna, ga agashe ga shayi a fulas. Ya ce, “Yalla, mu tafi. Iskar nan ta yi mini yawa.” Duka zamanmu a wurin bai kai rabin awa ba. Da usɗa ya juya mota, teku ya koma ɓangaren Baba, dab da tagarsa, tsawon hanyar nan mai kyau. Bai juya kai ya kalle shi ba ko sau ɗaya.

Mun tsaya sallar azahar a wani gidan mai. Usɗa ya riƙe hannun Baba ya kai shi wurin alwala, aka bar ni da Yaya a jikin mota. Ba ta ɗaga murya ba.

“Malam, me zai rage ka da ka yi shiru?”

Na ce ai tambayata ya yi, kuma ba zan yi wa dattijo ƙarya a kan addini ba.

“Wa ya ce ka yi ƙarya? Da ka ce masa Allah ya karɓa, Baba. Shi ke nan. Ni ina goge taswira a bangon gidan mutane kullum, ka ɗauka ban san Sina ba ce?”

Na fara kawo mata dalili, har da abin da malamai suka ce. Ta saurare ni har na gama. Sai ta ce, “Tamam. Allah ya ƙara ilimi.” An sha zagina a rayuwa, amma babu zagin da ya taɓa yi mini ciwo kamar wannan addu'a. Kwandon agashen kuwa usɗa aka bai wa ya kai wa iyalinsa, ko buɗe shi ba a yi ba.

Na ɗauke ƙafa daga Ardul Liwa. Na ce wa kaina jarrabawa ce ta matso. Na shiga littattafai ina neman abin da zai wanke ni, na samu, na kuma sami abin da zai kama ni, duka a shafi ɗaya wani lokacin. Babu wanda ya rage mini nauyin da nake ji a ƙirji. Kunya nake ji, da haushin kaina, wani lokacin har da haushin tsohon, don me zai tambaye ni.

Sai da zafi ya shigo, ana saura kwanaki in tafi gida hutu, na daure na je. Bakin lungun babu hayaƙi, an jingine wayar gashin a bango ta fara tsatsa. Yaya ta amsa sallamata, ta ce in shiga. Baba yana zaune a kan katifa a ƙasa, ya ƙara ramewa, idanunsa a buɗe amma ba sa bin komai. Ganin ya rufe tun wata biyu da suka wuce. Akwai wasu dattawa biyu 'yan Sudan, abokansa, sun zo gaishe shi, ana shan shayi.

Yana jin muryata ya washe baki. “Malam! Ka guje mu. Ko don babu nama?” Ya miƙo hannu, na kama, ya jawo ni na zauna kusa da shi. Babu ko alamar riƙo a muryarsa, abin da ya ƙara karya ni ke nan.

Ya gaya wa baƙin cewa ni ne na raka shi teku. Ɗayansu ya ce bai taɓa zuwa ba, yaya wurin yake? Baba ya gyara zama ya shiga ba su labari. Ya faɗi tsaunin da launinsa, da yadda hanya take lanƙwasa, da iskar da ta kusa tafiya da rawaninsa, da jiragen nan biyu. Ashe duk ya kwashe su ta ɗan ganin nan da ya rage masa, har abin da ni ban lura da shi ba. Dattijon yana ta mashallah. Can ya ce, da sunan girmamawar da suke kiran dattawa da shi, “To ya Hajj, da gaske daga can ana hango Hijaz?”

Yaya tana tsaye a bakin ƙofa da tire a hannu. Na buɗe baki, kuma wallahi a wannan karon eh zan ce, ko me zai biyo baya. Baba ya riga ni.

“A'a, Sina ce. Malam ya san taswira, shi ya faɗa mini.” Ya matse hannuna da ke cikin nasa. “Amma ni na gan ta fa. Kamar tsawon raka'a biyu ina tsaye ina kallon ta, ni da babana. Laifina ne da na tambaya.”

Ya saki hannuna ya shiga laluben kofin shayinsa a ƙasa. Na tura masa shi kusa da yatsunsa, ya ɗauka ya ce Allah ya yi mini albarka.